Baƙon da Ya Ci Alkamar Baffa Milutin

Vrelovac, farkon Disamba

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin Vienna? Yaya tsohuwar da kike jinya, har yanzu tana ɓoye maganinta a ƙarƙashin matashi? Mu nan lafiya lau. Baffa Milutin da Inna Stana suna gaishe ki ƙwarai.

Na san za ki yi mamakin karɓar takarda daga hannun direban bas, ni da rabona da biro tun da na bar makaranta na kama yankan katako. Ki yi haƙuri da rubutun. Daina kiranki da na yi ranar Lahadi ba fushi ba ne, dalilin zan faɗa miki.

Maganar kogi tana nan. Kamfanin nan bai fasa ba, so yake ya zuba koginmu Vrelica cikin bututu ya yi lantarki, mu kuma duk Asabar muna zama a kan gada don kada katafilarsu ta haye. Baffa ne shugaban kwamiti. To, tun da ganye ya fara zuba wata farar mota take tsayawa a gindin bishiyar da ke kallon ƙofarmu, da mutum ɗaya a ciki. Ba ya ɓuya, ba ya kuma fitowa. In mutum ya shigo gidanmu sai ya ɗaga abin ɗaukar hoto. Na lura ba ya barin injin a kunne, ina jin auna masa mai ake yi, don haka da hannuwansa a hammata yake wuni. Takalminsa na birni ne, mai siririn ƙasa. Inna ta sa masa suna Maƙwabci.

Makon jiya aka kira ni ofishin 'yan sanda a cikin gari, wai hira za a yi. Wani mai kwat ya ba ni kofi, ya tambaye ni wa nake kira a ƙasar waje duk Lahadi. Na ce uwata. Sai ya ce, “Yaya gwiwar tata, allurar ta yi amfani?” Mama, maganar allurar nan daga ni sai ke, a waya.

Ya daɗe yana bayani. Wai akwai hannun ƙasashen waje a zaman gada, wai maƙiya da talakawa irinmu suke amfani ba tare da mun sani ba, wai tsaron ƙasa yana gaba da kogin kowa. Na yi ta neman hannun nan a raina ban gan shi ba. Ni dai hannun Inna na sani, mai soya mana fanke mu tafi da shi gada. Amma mutumin bai yi kama da maƙaryaci ba, kamar ya yarda da abin da yake faɗa. Ya ce in na ga wani abu in zo in gaya masa. Na yi godiyar kofi na tashi.

Abin da ya dame ni shi ne, rana ɗaya aka kira mu da Gvozden mai gareji. Shi sai da rana ta faɗi suka sake shi, ni ko kofi bai huce ba. Jiya na shiga kanti ya ce, “A'a, ga ɗan gatan gwamnati! Sukari nawa suka sa maka?” Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma da na juya baya dariyar ta yanke da wuri. Ana ta cewa akwai mai kai rahoto a cikinmu. Ba wanda ya ambaci sunana, ba kuma wanda ya ambaci na wani.

Kada ki damu, zan yi haƙuri, magana ce za ta wuce. Ki riƙa sa safa mai kauri.

Ɗanki,
Vukan

Vrelovac, washegarin slava

Mamana,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fatan aiki da sauƙi, jiki kuma da dama. Direba ya kawo kyandir ɗin da kika aiko, shi muka kunna a gaban hoton Waliyyi Nikola, Baffa ya ambace ku a addu'a, ke da Baba. An yi slava, bikin waliyyin gidanmu, amma ban san yadda zan kira abin da ya faru ba.

Komai ya tafi yadda kika sani. Limamin coci ya zo da safe ya yanka burodi, Inna ta dafa wake da kifi tun da azumi ake, ga dafaffiyar alkama mai sukari a faranti a bakin ƙofa. Baffa yana tsaye tun asuba, tun da maigida ba ya zama ranar waliyyin gidansa. Kafin azahar kwamiti duka yana teburinmu, har da Gvozden. Dusar ƙanƙara tana zuba kamar ana zazzage buhun gari.

Sai Inna ta leƙa taga ta ce, “Vukan, je ka kira Maƙwabci.” Baffa ya ce, “Stana, kanki ɗaya?” Ta ce, “Kai ne kanka ba ɗaya ba. Tun da aka kawo ni gidan nan, wace shekara aka bar ɗan Adam a ƙofa ranar slava? Ko kare ne ya tsaya a nan sai an ba shi kan kifi.” Baffa ya dubi hoton waliyyi, ya dubi mutane. Ni aka kira da suna, ni na fita. Da na san yadda za a kalli abin, da na ce cikina ke ciwo.

Na ƙwanƙwasa gilashi. Leɓensa har ya yi shuɗi. Na ce yau slavarmu ce, an ce ya shigo. Ya ce ba a ba shi izini ba. Na ce ni ma ba a ba ni izinin komawa ni kaɗai ba. Sai ya sa abin hotonsa a ƙarƙashin kujera, ya biyo ni.

Mama, da ya shigo ko cokali ba ka ji. Ya cire hula, ya yi alamar gicciye, ya ce wa Baffa Allah ya maimaita, ya ci cokali ɗaya na alkama kamar yadda ake yi, ba wanda ya nuna masa. Ya ce sunansa Predrag, su ma Waliyyi Nikola ne na gidansu, yanzu haka mahaifinsa yana can tsaye a kan baƙi, shi kuma an hana shi hutu. Baffa da kansa ya zuba masa giya, tun da ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi.

Gvozden ne ya kasa haƙuri. Ya ce, “Malam Maƙwabci, sai mu gabatar da kanmu, ko ka hutar da mu?” Predrag ya ce, “Zauna abinka, Gvozden, ƙafar taka ba ta son tsayuwa.” Wasu suka yi dariya, wasu suka ajiye burodi. Gvozden ya ce, “To tun da ka san komai, hoton nawa yana kyau kuwa?” Ya ce, “In ka rufe baki yana kyau.” Nan fa tebur ya fashe, har Inna tana share hawaye. Ya ci wake kwano biyu. Da aka ɗauko waƙa ya san baitin da mu duk mun manta. Ina kallonsa ina neman mugu a fuskarsa, sai in ga mutum mai jin yunwa. In na ce mai jin yunwa ne kawai, sai in ga idonsa yana bin teburin yana ƙirga kawuna.

Da zai tafi Inna ta naɗe masa kifi a takarda, ta ce in raka shi. A bakin ƙofa, inda ba mai jinmu, ya gyara hularsa ya ce, “Asabar mai zuwa kada ka je gada.” Bai ƙara komai ba. Yau da safe motar ba ta nan.

Kaina ya ɗaure. In gaskiya ya faɗa don ya ci abincin gidanmu, to wani abu zai sami mutane, kuma ni kaɗai na sani. In kuma aikinsa yake yi, so suke in kai maganar, zaman gada ya watse, katafila ta wuce. In na yi shiru na zauna a gida, Gvozden ya sami abin da yake nema. In na faɗa, za a ce me ya sa ni ya zaɓa. Ko'ina na taka santsi ne.

Zan gaya wa Baffa, shi ne babba. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Vukan

Vrelovac, bayan Kirsimeti

Mama,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kin yi biki lafiya, an kuma bar ki kin je coci. Yaya gwiwa? Mu jikinmu lafiya. Na ga saƙonki na suwaita, na gode, amma ban ga takarda a ciki ba.

Na gaya wa Baffa, shi kuma ya tara kwamiti ya ce in maimaita a gabansu. Baffa ya ce mutumin da ya ci alkamar slava a gida ba zai tsaya a ƙofar gidan ya yi ƙarya ba, ko shi wane ne. Tsofaffi suka goyi bayansa. Gvozden ya buga tebur ya ce, “Ku dai ku zauna da alkamarku! Waɗannan ko uwarsu aka ce su ɗauka hoto za su ɗauka. Tarko ne, kuma ga wanda aka ba ya ɗana.” Ya nuna ni da haɓa. Na ce masa ni dai abin da kunnena ya ji na kawo, kuma ranar Asabar zan riga shi zuwa gada.

Aka tashi ba a tsai da magana ba. Masu 'ya'ya ƙanana da masu aikin gwamnati suka zauna a gida. Baffa, da ya ce ya yarda da gargaɗin, shi ne ya fara sa takalmi, wai shugaba ba ya aika mutane inda bai je ba. Gadar da muke cika har mutum ya rasa wurin tsayuwa, ranar ko rabinta ba mu rufe ba.

Da hantsi 'yan sanda suka zo, motoci manya biyu, ga katafila a bayansu. Ba su daki kowa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ɗaga mutane suna sawa a mota. Suka ɗauki Baffa, suka ɗauki Gvozden yana zagi, har tsoho Tihomir da sandarsa. Ina zaune a tsakiya na haɗa hannuwana ina jira. Wani ya zo kaina, ya dubi fuskata, ya dubi babbansu, sai ya tsallake ni ya kama na kusa da ni. Na tashi na bi shi na ce, “Yallaɓai, ni fa?” Ya ce, “Tafi gida, saurayi.” Na kama ƙofar mota zan shiga da kaina, suka ɓamɓare yatsuna. Gvozden yana kallona ta taga. Bai ma yi zagi ba, da ya zage ni da ya fi mini.

Katafila ta haye ina tsaye ni kaɗai a gefe, matan gari suna kallo daga kan tudu.

Na bi su gari a ƙafa, na zauna a ƙofar ofishin na ce a rufe ni tare da 'yan'uwana. Mai gadi ya ce ba otal ba ne. Na nemi Predrag, aka ce ba su da mai wannan suna.

An sake su bayan kwana biyu, sai dai za su je kotu. Tun ranar nake juya maganar. Gargaɗin gaskiya ne, ga shi an kama mutane. Tarkon ma gaskiya ne, don da mun cika gadar kamar kullum, motoci biyu ba za su kwashe mu ba. To, da ya tsaya a ƙofa ya yi mini maganar nan, alheri ya saka ko aiki ya yi? Tsallake ni da aka yi, shi ya roƙa don na kira shi daga cikin sanyi, ko sun san barin mutum ɗaya a waje ya fi kama goma? Wata rana in ce wannan, gari ya waye in ce wancan. Ina jin har shi kansa in an tambaye shi sai ya yi tunani.

Yanzu wata mota ce a gindin bishiya, baƙa, da mutum biyu, injinsu ba ya mutuwa. Inna ba ta sa musu suna ba. A kanti in na yi gaisuwa ana amsawa a ciki. Wanda ya ce in yanka masa katakon rufi ya aiko cewa ya fasa. Duk wannan zan iya ɗauka, kin san ni da haƙuri.

Baffa ya dafa kafaɗata ya ce ya san ɗan ƙaninsa, kada in saurari kowa. Na ji daɗi ƙwarai. Amma shekaranjiya na shigo da itace yana magana da Inna a kicin, da ya ji motsina sai ya yanke maganar a tsakiya, ya shiga tambayata ko gatari yana da kaifi. Na jera itacen na fita. Ban sani ba ko da gangan ya yi, ko bai ma lura ba.

Mama, ki tambaya mini ko ana neman mai aikin ƙarfi a wajenku, ko sharar ƙanƙara ce. Na san in na tafi za a ce ga shi, an ba shi lada ya gudu. In na zauna kuma gidan da aka haife ni ya zama inda ake rage murya in na shigo. Ban yanke ba tukuna.

Abu ɗaya nake roƙo. Na san matan gari suna kiranki, na san kin ji yadda suke faɗa. Na buɗe suwaitar nan na zazzage ta har hannuwa ina neman ko layi ɗaya daga gare ki. In za ki ba direba amsa, kada ki fara da gaisuwa, kada ki tambayi lafiyar kowa. Ki fara gaya mini ko ke kin yarda da ni.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Vukan