Motarku Ta Kai Ƙarar Babana Saboda Gaisuwa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera farar motar lantarkin da babana yake tuƙawa.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da ma'aikatanka, har da wanda ya koya wa motar nan kai ƙara, don shi ma ɗan wani ne.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Innata. Na yi wa babana ƙarya, har sau uku, kuma motarku ce sila.

Baba direba ne a wata ƙungiya mai kai allurar rigakafi da magunguna ƙauyuka. Ofishinsu yana Kalgo, mu muna zaune a Gwandu. Ba ya karanta Turanci, ni ce mai karanta masa takardu tun ina aji ɗaya na sakandare. Bayan ƙaramar salla ya zo da takarda daga ofis, ya zauna bisa tabarma, ya cire hula, yana murmushi yana jira. Takardar gargaɗi ce. An ce motar ta ba da rahoto cewa yana sakin sitiyari, yana kuma gyangyaɗi a bakin aiki. Na dubi furfurarsa. Sai na ce masa yabo ne, wai motar ta shaida yana da ladabi. Ya jinjina kai ya ce, "Ashe motar ga ta san mutunci." Daga ranar ya ƙara ƙaimi wajen abin da ake tuhumarsa da shi. Takarda ta biyu ta zo, na maimaita. Ba wanda ya gyara masa, domin tun da mota ta fara magana manajansu ya daina, sai dai ya tura takarda. Ta uku ta ce ya bayyana ranar Laraba gaban manaja da injiniyanku, a yanke ko zai ci gaba da riƙe makulli. Na ce masa taro ne. Yanzu haka babbar rigarsa tana wurin mai guga, yana zaton lambar yabo za a ba shi.

Ranka ya daɗe, ba da ƙiyayya na fara da motarku ba. Ni mai karatun littattafan soyayya ce, a ɓoye, cikin bangon littafin lissafi. A cikinsu duk mutumin kirki da mota yake zuwa. Takan tsaya a hankali, gilashi ya sauka, ƙamshi ya riga shi fitowa, yarinya ta rasa inda za ta sa kanta. Ranar da taku ta shigo layinmu, fara fat, ba ƙara ba hayaƙi, na leƙa ta zaure na ce a raina yau littafi ya biyo ni har gida. Da gilashin ya sauka Baba ne da goro a kumatu, amma duk da haka na ji daɗi. A aljihun motar na sami ɗan littafinku mai sheƙi, wanda kuka yi wa duniya alkawura huɗu a ciki. Na karanta shi fiye da yadda na karanta darasina. Ga yadda suka iso wurinmu.

Na ɗaya, kun ce tsafta. Gaskiya ba ta hayaƙi. Sai dai wutar da ake yi mata caji a Kalgo ba ta son a saba da ita, don haka janareto ake tayarwa ya wuni yana tari. Hayaƙin bai mutu ba, ƙaura ya yi daga bayan mota zuwa bayan ofis, inda wata baiwar Allah take suyar awara. A hotonku na ga faifan hasken rana. Rana muna da ita har ta yi mana yawa, faifan ne bai biyo motar ba.

Na biyu, kun ce aminci, wai tana taka birki da kanta. Tana takawa kuwa. Ta taɓa ceton ɗan akuya, ban hana mata wannan ladan ba. Amma ranar kasuwa a Maruda idan ta hango jaki da ɗaurin kara sai ta kafe kamar ta ga mutuwa, jakin ma ya tsaya yana kallonta, Baba yana tsakani yana ba kowa haƙuri. Kuma shirun nan nata da kuke alfahari da shi, tsofaffinmu da kunne suke kauce wa mota. Ita kuwa sai ta zo dab da dugadugan mutum bai sani ba. Baba ba zai danna wa sa'an mahaifinsa oda ba. Yakan rage gudu, ya sauke gilashi, ya yi sallama.

Na uku, kun ce nan gaba za ta tuƙa kanta, yanzu ma tana iya riƙe layinta. Hanyar Dodoru ba ta da farin layi, damina ce take zana nata kowace shekara, kuma ba ta shawara da kowa. Motarku takan yi ta ƙara a can kamar ɗalibar da aka yi wa tambaya daga shafin da ba a koyar ba. A littafinku akwai wata mata a kujerar baya tana karatu, ba kowa a gaba. Na daɗe ina kallonta ina jin hassada. Daga baya na yi tunani: idan mota ta zo ƙofar gida ita kaɗai, wa za a ce yana sallama da ni? Kun kashe rabin littattafan da nake karantawa ba ku sani ba. Wannan na yafe. Wanda ban gane ba shi ne inda kuka ajiye mutumin da kuka cire daga kujerar gaba, don na duba har bangon baya ban gan shi ba.

Na huɗu, kuma nan ne ciwon. Kun ce motar tana haɗe da ofis da kamfani a kowane lokaci. Kun sa mata ido a saman sitiyari yana kallon fuskar direba. Ranka ya daɗe, a wurinmu idan ƙarami ya zo wuce babba yakan dunƙule hannun dama ya ɗaga, ya tallafe shi da na hagu. Hannu biyu ke nan, haka aka koya mana. Baba ba ya yin haka bisa kwalta. A cikin gari yake yi, motar tana tafiyar da ko tsohuwa mai sanda za ta riga ta. Motarku ta rubuta: ya saki sitiyari. Idan ya tsaya gaban mai gari, ko wata dattijuwa ta matso tana yi masa addu'a, yakan sunkuyar da kai ya runtse ido yana amin. Motarku ta rubuta: barci. Da an wuce Ceberu sabis yakan ɗauke, sai ta haɗiye gulmarta ta yi shiru kamar ta Allah. Da ta shaƙi sabis a hanyar dawowa sai ta amayar da komai, kafin Baba ya kai ofis labarinsa ya riga shi. Ko a makarantarmu ta 'yan mata ban ga mai tsegumi irin wannan ba.

Abin da ba ta rubuta ba shi ne, akwai gidajen da ba sa fito da jariransu a yi musu allura sai sun ga Baba ne ya kawo ma'aikatan. Shekarunsa ashirin da wani abu a hanyoyin nan bai taka ko kaza ba. Gaisuwar da kuke ƙirgawa a matsayin laifi ita ce take buɗe ƙofofin da motar take zuwa dominsu. Ku aiko da direban da ba ya gaisuwa, motarku za ta ba shi maki cikakke, ya dawo da maganin a sanyaye kamar yadda ya tafi da shi.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi. Injiniyanku ya shiga motar ya bi Baba yini guda kafin ya buɗe baki, ko da za a ɗage zaman Laraba. A koya wa idon nan bambancin mai barci da mai kunya, idan kuma ba zai koyu ba a rufe shi a cikin gari. A janye takardun nan uku, domin ta biyu da ta uku laifina ne, mutum bai ƙi gargaɗin da bai ji ba. Faifan rana kuma, idan da hali, saboda mai awara.

Allah ya ƙara wa kamfaninka albarka, ya kare motocinka daga haɗari, ya ba ka 'ya'yan da za su iya faɗa maka gaskiya tun a karon farko.

Na rubuta wannan sau uku ina yagawa. Malamarmu ta Turanci, Malama Rahila, mutuniyar Zuru, ta yarda za ta fassara ta kuma sa a inda jama'a za su gani, amma ta ce takardar hannu ni zan miƙa, ba ita ba. Ban taɓa tsayawa gaban baƙo na yi magana ba, ko a aji sai an kira sunana sau biyu. Gobe bayan sallar asuba zan durƙusa in gaya wa Baba komai, ya yi mini faɗan da zai yi. Ranar Laraba kuma zan bi shi Kalgo, in tsaya bakin ofis har injiniyanku ya fito, in sa masa wannan a hannu. Idan za a karɓi makullin babana, a karɓa bayan an karanta.

Wassalam.

Balkisu, ɗiyar direba,
Gwandu, Jihar Kebbi.