Takardar da Ta Kwana Cikin Kwallata

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ginin Ɗakin Haihuwa, Chagoua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ce Hajara, matar marigayi Malam Idi magini na Ridina, wanda kuka ba aikin ɗakin haihuwa. Karatuna kaɗan ne, a yi haƙuri da rubutuna.

Shekaranjiya na fita takaba. Jiya ƙanensa ya karanta mini sanarwar da kuka liƙa a ƙofar ofishinku, wai Malam ya gudu ya bar aiki.

Na farko, Malam bai gudu ba. Da kogin Chari ya cika, ruwa ya yi sati uku kwance a filin ginin, motar yashi ba ta iya shiga. Duk unguwa shaida ce.

Na biyu, ya faɗa wa injiniyanku baki da baki bayan sallar Juma'a cewa yana neman ƙarin lokaci, suka yi musafaha. A wurinmu, magana ta ƙare ke nan.

Na uku shi ne mai nauyi, don laifina ne. Yarjejeniyarku ta ce neman ƙarin lokaci sai a rubuce, cikin kwana goma sha huɗu da tsayawar aiki. Malam ya san haka. Ya sa aka rubuta da Faransanci, ya sa hannu jikinsa na rawar zazzaɓi, ya ce in aika muku. Ni kuwa na ga tunda an yi musafaha, takarda za ta jira ya warke ya kai da kansa. Na adana ta cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa. Bayan kwana shida Allah Ya yi masa rasuwa. Daga nan ban sake tunawa da ita ba.

Ban ce ku karya ƙa'idarku ba. Wanda kuka ba aikin bayansa ya ƙarasa, Allah Ya taimake shi. Roƙona ɗaya: ku cire kalmar gudu daga sunan Malam. Bangon nan har kan taga shi ya ɗora, 'yarsa kuma a nan za ta haihu in Allah Ya yarda. Ba na son ta shiga tana sunkuyar da kai.

Ga takardar na haɗo. Ku dubi ranar da ke jiki, ku dubi yadda sa hannunsa ya karkace. In dole a rubuta wanda ya makara, a rubuta Hajara.

Allah Ya yi muku jagora, Ya jiƙan magabatanku.

Wassalam.
Hajara, Ridina.