Kazar Inna ta ƙarshe

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara duka. Yaya zafin Bur Sudan, yaya kuma ƙafar taki? Mu nan Abu Na'ama muna lafiya, sai dai abu ɗaya.

Ciwon kaji ya shigo unguwarmu, ya share mana akurki. Kazar nan wake-wake kaɗai ta rage a irin da Inna ta bari, ga shi ita ma ta kamu. Wuni take tana gyangyaɗi, fukafukai a sake, kashinta kore, wuyanta ya fara karkacewa.

Na ware ta a bayan rumbu. Na jiƙa mata sassaƙen maɗaci da barkono yadda Inna take yi, amma ban tabbata na tuna ma'aunin ba, wataƙila ma na cika. Na fasa kafso a ruwanta, ba ta sha ba. Baitari, likitan dabbobi na Sinnar, ya ce ciwon nan rigakafi gare shi, ba magani.

Jiya maiɗakina Asabe ta miƙo mini wuƙa ta ce, "Baban Sani, yanka ta tun tana motsi, kada ta zama mushe mu rasa har naman." Na wasa wuƙar, na fuskanci alƙibla, na kasa.

Ƙwanta da na sa wa kazar maƙwabta duk bara-gurbi suka zama.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Malam da Gwaggo Ladi. Ɗan tsakon da na yi miki alkawari da Sallah, ki yafe mini shi.

Ƙanenki,
Usmanu