Farar Hodar da Nake Zuba wa Zoɓo

Hajiya, don Allah ki taimake ni, kwana uku ke nan ko abinci ba na iya ci.

Zoɓo nake yi na sayarwa a gida, a nan Azare. Da zafin nan namu, ga wuta ba ta zama, kafin la'asar ya fara lalacewa. Yayata Ya Fanna ce ta nuna mini wata farar hoda da ake ƙullawa a leda a kasuwa, ba suna ba takarda, ta ce murfin kwalba ɗaya a babbar roba. To, watan jiya robar ta fashe na koma ƙaramin bokiti, ni kuma hannu ya saba, murfi ɗayan nake ta zubawa. Sai da na ji yana ƙaiƙayin maƙogwaro na farga. Na hana 'ya'yana sha, amma wallahi ban daina sayarwa ba.

Yanzu ga Khaulat, 'yar maƙwabciyata Kellu, shekararta huɗu, tana kwance a asibiti da amai da ciwon ciki. Da ma kullum sai ta sha kwalba biyu. Abin da ya fi ɗaga mini hankali, ta ƙi karɓar komai sai zoɓona. Jiya Kellu ta zo da kanta ta saya tana sa mini albarka, ni kuwa na miƙa mata. Ban san ko ni ce sila ba. In na faɗa, unguwa ta ɗauka, sana'ata ta mutu, ga shi katangarmu ɗaya. In kuma na yi shiru fa?

Mai zoɓo, Azare

Ƙanwata, ki natsu. Mai yiwuwa ba zoɓonki ba ne, ciwon cikin yara dalilansa da yawa. Amma ba ni ko ke za mu yanke wannan ba, likita ne, shi kuwa ba zai bincika abin da aka ɓoye masa ba.

Ba kowane maganin hana abinci lalacewa ne guba ba. Akwai wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi, da sunansa a jiki da iyakar da ake aunawa a sikeli. Naki ba ki ma san mene ne ba, don haka murfin Ya Fanna tun asali ba awo ba ne.

Yau ɗin nan ki zubar da sauran zoɓon, ki ɗauki ledar hodar ki nufi asibiti. Ki fara gaya wa Kellu, ke da ita, sannan ku nuna wa likita tare. Za ta iya yin fushi, kuma tana da gaskiya. Nan gaba ki riƙa haɗa kaɗan, wanda zai ƙare a yini. Sana'a takan farfaɗo.

Tun ranar da kika hana 'ya'yanki sha kin san amsar. Khaulat ma 'ya ce. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciya.