Tambayoyin da Ba a Yi wa Likitan Gawa Ba

Zuwa ga: Mai girma Alhaji Abdulrahman Gwarzo, Shugaban Zauren Hausawa Mazauna Kuala Lumpur

Daga: Sakinatu Isiyaku, matar marigayi Malam Fatihu Bello, Titiwangsa

Kwanan wata: Litinin, 15 ga Nuwamba, 2021

Game da: Sakacin wakilin Zaure, Barista Salisu, a zaman binciken rasuwar maigidana

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 27 ga Afrilu, 2021, sha biyar ga azumi, bayan la'asar, maigidana ya faɗo daga barandarmu a hawa na tara. Yana da ciwon suga, yana yin allura kullum, kuma ya ƙi ajiye azumi duk da magiyar da na yi masa. Wanki ya fita shanyawa. Rigar 'yarmu Hureira tana hannunsa a jiƙe lokacin da aka ɗauke shi. Amma kafin gawarsa ta fito daga asibiti, zance ya riga ya kai Kano cewa kullen annoba da karatu sun yi masa yawa, ya halaka kansa.

2. Hukuma ta buɗe binciken musabbabin mutuwar, Zaure kuma ya naɗa Barista Salisu, mai karatun digiri na uku a nan, ya tsaya mana. Ranar 4 ga Oktoba takardar kotu ta iso. Ta bayyana cewa wannan zama ba shari'ar mai ƙara da wanda ake ƙara ba ce, alƙali ne da kansa zai tambayi likitan da ya binciki gawa, kuma duk tambayar da iyali ke da ita a miƙa ta a rubuce kafin 25 ga wata.

3. Na kai masa takardar da hannuna, tare da katin asibitin marigayi. Ya yi dariya ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana tsare shaidu a kotunan Kano, bai taɓa nuna wa shaida tambaya kafin ya shiga akwatin shaida ba, wai maharbi ba ya nuna wa nama kibiya. Ya ce ya tanadi tambayoyi ashirin da uku, sai gumi ya karyo wa likitan. Na ce ko a tuntuɓi lauyan ƙasar nan, ya ce in koma gida in yi addu'a. Ni da na karanta ilimin sinadarai, me na sani game da kotu? Na bar masa katin na koma gida, kuma har gobe ina cizon yatsa.

4. Ranar 8 ga Nuwamba aka yi zaman ta bidiyo saboda annoba. Alƙalin, wadda mace ce, ta yi wa likita tambayoyi na minti arba'in, a tsanake, kuma ba ni da abin faɗa a kanta. Abin da ke gabanta shi ta tambaya. Katin asibiti ba ya gabanta, yana cikin jakar Barista. Ba a ambaci suga ba, ba a ambaci azumi ba. Da ta duba ta ga babu tambaya daga iyali, sai ta sallami likita. A nan Barista ya gyara kwat ɗinsa ya ɗaga hannu, aka shaida masa cikin ladabi cewa lokaci ya wuce, kuma ma ba shi da izinin aikin lauya a ƙasar nan. Ina kallo fuskar likitan ta ɓace daga allon wayata.

5. Har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Abin da ya rubuta a zauren hirarmu na waya shi ne tsarin kotun ne ba shi da kan gado. Ranka ya daɗe, idan kiɗa ya canza rawa ma canzawa take. An rubuto masa, ya karanta, girman kai ne ya hana shi bi. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Don haka ina roƙon mai girma Shugaba, tunda ranar 6 ga Disamba za a yanke hukunci: a karɓo mini katin asibitin daga hannun Barista cikin makon nan, a janye wakilcinsa a rubuce, a kuma nemo lauyan ƙasar nan ya roƙi kotu ta sake kiran likitan. Tambaya ɗaya nake so a yi masa: ko faɗuwar suga na iya kayar da mai azumi daga inda yake tsaye?

Mahaifiyar marigayi ta daina zuwa gidan biki da gidan makoki saboda idon mutane. Kowace Juma'a sai ta kira ta ji abin da alƙali ta ce. Rigar Hureira kuwa ta daɗe da bushewa, tana nan a leda yadda 'yan sanda suka dawo mini da ita, ban yarda an sake wanke ta ba.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon yin adalci.

Taka mai biyayya,
Sakinatu Isiyaku