Lakar da Teku Yake Dawo Mana da Ita

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan ƙasar Makka sai godiya.

Da hidimar Arfa ta ƙare, na samu aikin yasar bakin wani kwari inda yake shiga teku, don jiragen masunta su wuce. Muka riƙa watsa lakar cikin ruwa, a zatonmu zai tafi da ita kamar kogin garinmu. Ashe ruwan nan komowa yake yi. Teku na cikowa sai ya dame, ya yi ja, ya sauke mana ita inda muka kwashe. Wallahi bayana ya gaji. Tun bayan Sallah laka ɗaya nake kwasa.

A sa ni a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata wahalar nan.

Ƙaninki,
Sani