Ranar da Baba Ya Sare Kaurarsa

Batsari,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Mannir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kamila da yara da mutanen Kumo da suka riƙe ka tsakani da Allah. Allah Ya sa albarka a aikin asibitin nan da ya kai ka ƙasar Gombe ya raba mu da kai. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana leƙa maƙwabta barka da ta'aziyya. Baba yana nan da ƙarfinsa, sai dai ya rage magana, kuma dalilin haka ne ya zaunar da ni rubuta maka. Tun da aka yanke layin waya a ƙasar nan muka koma zamanin takarda. Mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya nufi wajen Katsina yana ɗaga waya sama kamar mai duban wata. Ni ba ni da wannan sukuni, ga makaranta ga tsofaffi. Ka yi haƙuri da rubutun, alli ya ɓata mini hannu.

Uzairu direba, ɗan Goggo Tayyiba ta Safana, shi zai kawo maka wannan takarda tare da wani ƙulli a tsohon zanen Inna. Tun kafin ka kwance ina ja maka kunne, kada ka miƙa wa Kamila ta surfa ta dama wa yara kunu. Iri ne. Kaurar nan ce ta gidanmu, wadda mutanen Ruma ke kira kaurar Daudu saboda kakanmu, mai tsawon da sai an karya ta kafin a yanke kanta, mai tuwon nan rawaya da kake cinye naka ka sa ido a nawa. Abin da ke cikin ƙullin nan shi ne iyakar abin da ya rage mana a duniya.

Ka san tun da muka baro Ruma Baba bai sake taka gonarsa ba. Dami ɗaya ya tsira da shi ranar da muka fito, ya rataye a madafa inda hayaƙi ke bugunsa don kada ƙwaro ya taɓa. Bana wani bawan Allah ya ara masa fili a bakin gari, bayan makarantarmu. Da ka ga Baba a watan shuka da ka ce an rage masa shekara ashirin. Ya shuka mafi yawan irin, ya bar 'yan zangarniyoyi kaɗan kamar yadda ya saba, don shi bai taɓa ƙarar da iri a shuka ɗaya ba. Dawa kuwa ta yi kyau har tana ba da tsoro. Masu wucewa kan tsaya su tambayi mai ita, shi kuma ya yi kamar bai ji ba, alhali gemunsa har rawa yake don daɗi.

Ana cikin haka aka ɗauke Armaya'u, mijin Hansai maƙwabciyarmu, da rana tsaka. Ta cikin hatsin bakin gari mutanen daji suka ɓullo, ta cikinsa suka koma da shi, ba wanda ya gan su sai sawun babura. Kwana kaɗan bayan haka mai unguwa ya sa aka yi shela cewa baturen 'yan sanda na kiran taron jama'a a makarantarmu. Ni na sa aka jera bencina, don haka na samu wuri a gefen mata. Mun saba da irin wannan taro, Mannir. A zo a ce mu sa ido a kan baƙo, mu kai rahoto, a yi addu'a a watse, kowa ya koma gida da tsoronsa. Na ɗauka wannan ma haka zai ƙare.

Sai baturen 'yan sandan ya miƙe ya ce shi da 'yan sintiri sun zo da shawara mai ɗaci. Ya ce mutanensa ba su da yawa, kuma ko suna da yawa ba sa iya tsare abin da ba sa gani. Gero da dawa da masara sun rufe garin ta wajen yamma, har mutum zai iya zuwa bayan katangar makaranta ba a san ya iso ba. Yana roƙo a sare duk dogon hatsin da ke bakin gari ta wannan gefe, daga baɗi kuma kada a shuka komai a wurin sai gyaɗa da wake da dankali. Ajin nan ya kaure da hayaniya. Wani ya ce an hana su gonar nesa, yanzu kuma za a hana su ta kusa, to ƙasa za su ci? Ni kaina raina ya ɓaci, na ce a zuciyata mutumin da albashi ke jiransa ƙarshen wata bai san zafin dawar da ta fara fitar da kai ba. Lado, shugaban 'yan sintiri, ya rantse cewa daga inda suke tsayawa ba sa hango ko tsawon igiyar guga. Ba wanda ya saurare shi.

Hansai ce ta kashe hayaniyar. Matar da ko a gidan biki ba a jin muryarta ta miƙe da goyo a bayanta, ta ce ita ba ta zo ta ce a sare ko kada a sare ba. Ta ce tana tsakar gida tana shanya lokacin da aka tafi da mai gidanta, tsakaninta da shi bai fi jifa ba, amma ganye kawai ta gani yana motsi. Ta koma ta zauna. Kowa ya juya yana kallon Baba, don tasa gonar ta fi ta kowa tsawo da kyau, kuma an san in ya ƙi, kowa zai ƙi. Baba ya dafa sandarsa ya tashi. Ya tambayi baturen 'yan sandan ko zai iya yi masa alkawari cewa in an sare ba za a sake ɗaukar kowa ba. Mutumin ya ce ba zai yi wa dattijo ƙarya ba, wannan alkawari ba ya hannunsa, abin da ya sani kawai za a riƙa hango su daga nesa, yara su samu lokacin gudu. A nan na ji ya ɗan kwanta mini a rai. Baba ya ce to ya ji, amma kada ɗan sintiri ko ɗan sanda ya sa wa dawarsa adda, shi ya shuka abarsa, shi zai kwantar da ita.

Washegari da hantsi ina cikin aji ina jin saran ta taga. Na ba yara aiki na fita. Mannir, dawar ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa, abin da ya rage mata bai kai wata biyu ba. Baba yana sara yana kwantar da kowane kara a hankali, kai ka ce zai ji ciwo. Lado ya zo zai taya shi, ya ɗaga masa hannu. Da sauran manoma suka ga haka, kowa ya koma gida ya ɗauko addarsa. Ni dai na tsaya a bakin kunya na yi kuka na ƙoshi, ban damu da yaran da ke leƙe ba.

Ban sani ba ko saran ne, ko kuwa Allah ne Ya kawar da hankalin mutanen daji, amma tun daga ranar ba a ɗauki kowa ta wannan gefe ba. Armaya'u dai har yanzu shiru, ka sa shi a addu'a. Wani abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne, da hatsin ya kwanta sai hanyar Ruma ta fito fili. Yanzu daga bayan makaranta ana hango duwatsun wajenmu. Kullum bayan la'asar Baba kan ɗauki buzunsa ya je ya zauna a cikin kututturan karan, fuskarsa na kallon can. Wani lokaci nakan je in zauna kusa da shi. Ina tuna rumbunanmu uku, da tsamiyar bakin gona inda kake ɓuya ka ce cikinka ke ciwo duk ranar noma. Ina kewar gidan nan har cikin ƙashina, ina kewarka kai ma, duk da ba ka taɓa gama kunya ɗaya ba tare da an bi ka da tsumagiya ba.

Sauran zangarniyoyin da ke madafa sun tsufa, tun girbinmu na ƙarshe a Ruma suke. Na ɗebi kaɗan a ɓoye na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, waɗanda suka tsiro ba su kai rabi ba. In damina mai zuwa ta wuce ba su shiga ƙasa ba, kaurar Daudu ta ƙare ke nan. A nan kuwa babu inda za mu shuka ta. Na tuna ka ce akwai fili a bayan gidan da asibiti ya ba ka, sai na kawo wa Baba zancen. Ya harare ni ya ce Mannir ai bai san gaban fartanya da bayanta ba. Da gari ya waye na tarar da shi a ƙofar madafa ya sauke su, yana zaɓa ɗaya bayan ɗaya, ya murje da hannunsa, ya gauraya da toka, ya ƙulle da kansa. Ya ce ka jira ruwa ya zauna sosai kafin ka shuka, ka zuba da ɗan yawa a kowane rami tunda irin ya raunana, kuma kada ka yi mata gaggawa, ita ba ta nuna sai sanyi ya shigo.

Ka gaishe mini da Kamila da kyau, ka ce mata na ba ta amanar tashinka da asuba ranar shuka. Ka shafa mini kan Najib da Mardiya, Inna na tambaya ko Mardiya ta yi haƙora. Goggo Tayyiba da mutanen Safana suna gaishe ka, haka ma Hansai da Lado.

Saƙon Baba na ƙarshe ya sa na maimaita masa har sau biyu don kada in rage komai. Ya ce aro ya ba ka, ba kyauta ba. In ka girbe ka zaɓi kawunan da suka fi cika ka rataye a hayaƙi, ka yi ta juya irin kowace damina har ranar da hanya za ta buɗe. Ya ce ranar nan kada ka ba direba, kada ka aiko kowa. Kai za ka kawo shi Ruma da hannunka. In ka sami Baba da rai, ku shuka tare. In ba ka same shi ba, ka san gonar.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya mayar da mu gida.

Taka har kullum,
Yayarka Atika.